Waiwaye: Yadda Amurka ta koyi sayen kayan yaƙi cikin gaggawa

A Disambar 2004, wani sojan Amurka ya miƙe a wani sansani a Kuwait ya tambayi sakataren tsaro Donald Rumsfeld me ya sa suke tonon juji suna neman ragowar ƙarfe su liƙa wa motocinsu. Rumsfeld ya ce masa da rundunar da kake da ita kake zuwa yaƙi. A lokacin bama-baman gefen hanya na ta cin rayukan sojoji a Iraƙi, ita kuwa ma'aikatar tsaro tana tafiyar hawainiya.

Jinkirin yana da asali. Tun 1971, zamanin mataimakin sakataren tsaro David Packard, ma'aikatar ta shimfiɗa ƙa'idar saye mai lamba 5000.1. Kowane babban makami sai ya bi matakai: a rubuta buƙata, injiniyoyi su zana, a tantance zanen, a gwada, sannan a ƙera. Tsarin ya dace da jirgin da zai yi shekara 40 yana aiki, amma sojan da bam ke jira gobe ba zai iya jiran shekara 10 ba.

Robert Gates, wanda ya gaji Rumsfeld, ne ya fasa wannan shinge a Mayun 2007, da ya sa motar MRAP, mai sulken jure bam da nakiya, a gaban duk wani saye. Cikinta mai siffar V ne, yana karkatar da ƙarfin fashewa gefe, dabarar da aka daɗe da sani a kudancin Afirka, don haka ba a ɓata lokaci wajen ƙirƙira ba. Aka ba kamfanoni da dama kwangila lokaci guda, ana gwaji a filin gwajin sojoji na Aberdeen ana ƙerawa a masana'anta. Zuwa 2012 an ƙera sama da 27,000, kuɗin ya haura dala biliyan 40.

Ta ceci rayuka, ba shakka. Sai dai abin da aka tsallake bai yafe ba. Kowane kamfani da irin kayan gyaransa, makanikai suka sha wahala. Nauyin motar ya sa tana kifewa a kan hanyoyi marasa ƙwari, duwatsun Afganistan kuma suka gagare ta, har sai da aka ba kamfanin Oshkosh aikin wata mai sauƙin nauyi, M-ATV, a 2009. A ganina laifin ba na saurin ba ne. Tun farko ya kamata wani ya zauna ya yi tunanin gyara da irin ƙasar da motar za ta taka.

Daga nan aka fara mayar da gaggawa doka. Dokar tsaro ta 2016 ta buɗe hanyar saye ta tsaka-tsaki, wadda ta fi tsohon tsarin sauri, mai wa'adin shekara 5, sannan a 2020 aka raba saye gida 6, ciki har da na buƙatar gaggawa da dole a kai fagen fama cikin ƙasa da shekara 2. Yanzu an yarje wa shugaban aiki ya rage taron tantancewa da tarin takardu gwargwadon haɗarin aikinsa, kuma nauyin tantance gwajin da ba a isa a tsallake ba ya koma wuyan injiniyoyinsa.