Emília das Neves, tauraruwar dandamalin Fotugal

Emília das Neves 'yar wasan kwaikwayo ce ta dandamali daga ƙasar Fotugal. An haife ta ran 5 ga Agusta 1820 a Benfica, lokacin wajen gari ne a gefen Lisbon, yanzu kuwa birni ya haɗiye wurin har ma an fi sanin sunan da kulob ɗin ƙwallo. Gidan talakawa ta fito. Ta rasu a Lisbon ran 19 ga Disamba 1883, tana da shekara 63.

In ana so a gane yadda akai ta yi suna haka sai an dubi lokacin da ta shigo harkar. Kafin ita yawancin abin da ake nunawa a gidajen wasa na Lisbon fassara ce daga Faransa, ga 'yan wasan ba wani horo gare su ba. A 1836 gwamnati ta ɗora wa marubuci Almeida Garrett aikin farfaɗo da wasan kwaikwayo na ƙasar, shi kuma ya ga abu uku ake buƙata, makarantar horarwa, gidan wasa na ƙasa, da wasanni da 'yan Fotugal suka rubuta kan tarihinsu. A daidai nan akwai wani Bafaranshe, Émile Doux, da yazo da tawagarsa ya zauna yana koyar da matasa a gidan wasa na Rua dos Condes, to a hannunsa Emília ta koyi sana'ar.

Fitowarta ta farko a watan Agusta 1838 ne, tana shekara 18, cikin wasan Garrett mai suna Um Auto de Gil Vicente, wanda ake ɗauka shi ne mafarin sabon wasan kwaikwayo na Fotugal. Ta fito a Beatriz, 'yar Sarki Manuel na ɗaya da za a kai aure Savoy alhali wani mawaƙin fada yana mutuwar sonta. Yarinyar da ba wanda ya san ta sai ga ta gari ya ɗauka, har aka laƙaba mata "a linda Emília", wato Emília kyakkyawa.

Amma fa kyau kaɗai baya riƙe mutum shekara arba'in a dandamali. Inda ta fi ƙarfi shi ne wasannin ban tausayi, irin na sarauniyar da duniya ta juya wa baya ko matar da baƙin ciki ya zautar, waɗanda sai mai murya da numfashi ke iya ɗauka tunda ba makirfo a lokacin, dole na kujerar ƙarshe ya ji ka. Ta daɗe tana wasa a gidan wasa na ƙasa, D. Maria II, da aka buɗe a dandalin Rossio a 1846, ta kuma tsallaka teku ta yi wasa a Brazil.

Tun tana raye, a 1875, Luís da Câmara Leme ya tattara takardu kan rayuwarta ya buga littafi. Shahararren mai sassaƙa Soares dos Reis kuma ya sassaƙa siffarta.