Waiwaye: Shekarar 1999 a Wales, lokacin da majalisa ta zo da ɗari-ɗari, filin wasa kuma ya cika maƙil

A ranar 26 ga watan Mayun 1999 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta je birnin Cardiff ta buɗe zaman majalisar yankin Wales, wadda ita ce zaɓaɓɓiyar majalisa ta farko da mutanen yankin suka taɓa samu tasu ta kansu. Bayan wata guda cif, ranar 26 ga Yuni, aka buga wasan farko a sabon babban filin wasa na Millennium da ke tsakiyar birnin, inda 'yan wasan zari-ruga na Wales suka doke Afirka ta Kudu da maki 29 da 19, abin da ba su taɓa yi ba tun da suka fara karawa a 1906. Duk wanda ya kwatanta yadda jama'a suka karɓi waɗannan abubuwa biyu zai ga cewa murnar da aka yi wa filin wasan ta fi wadda aka yi wa majalisar nesa ba kusa ba. Dalilin hakan yana da tsohon tarihi.

Wales yanki ne mai duwatsu da kwaruruka a yammacin tsibirin Birtaniya, mutanensa kimanin miliyan 3, kuma suna da harshensu da ya riga Turanci zama a tsibirin. 'Yancinsu ya ƙare ne a 1282, lokacin da aka kashe yarimansu Llywelyn ap Gruffudd a yaƙin da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kai musu. Daga baya, a zamanin Sarki Henry na Takwas, dokokin 1535 da 1542 suka haɗe yankin da Ingila ta fuskar shari'a da mulki, suka kuma wajabta Turanci ga duk mai neman muƙamin gwamnati. A nan ne Wales ta bambanta da Scotland, wadda ta shiga tarayya a 1707 tana riƙe da kotunanta da cocinta da tsarin iliminta. Mutanen Wales ba a bar musu irin waɗannan hukumomi ba, don haka abin da ya riƙe musu asalinsu shi ne harshe da ɗakunan ibada da waƙa, sai kuma wasan zari-ruga da ya samu karɓuwa a garuruwan masu haƙar kwal a ƙarshen ƙarni na 19. Fassarar Littafi Mai Tsarki da William Morgan ya kammala a 1588 ta taimaka ƙwarai wajen hana harshen mutuwa, duk da cewa a wasu makarantun ƙarni na 19 ana rataya wa yaro ɗan katako a wuya idan aka ji shi yana magana da harshen iyayensa.

Neman cin gashin kai ya fara ɗaukar zafi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa jam'iyyar 'yan kishin Wales ta Plaid Cymru tun 1925, amma ta daɗe ba ta da tasiri, sai da batun ƙauyen Capel Celyn ya taso. Majalisar dokokin Birtaniya ta amince a 1957 cewa a nutsar da wannan ƙauye, wanda mutanensa ke magana da harshen Welsh zalla, domin a gina madatsar ruwa ga birnin Liverpool na Ingila. Babu ɗan majalisa ko ɗaya daga Wales da ya goyi bayan dokar, amma hakan bai hana ta wucewa ba, kuma a 1965 ruwa ya shanye kwarin Tryweryn. Shekara guda bayan nan shugaban Plaid Cymru, Gwynfor Evans, ya ci zaɓen cike gurbi a Carmarthen, ya zama ɗan jam'iyyar na farko da ya shiga majalisar Landan. A cikin wannan shekarar ta 1966 ne kuma tulin dattin kwal ya zaftaro kan makarantar firamare a Aberfan, ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara ƙanana.

Duk da wannan ɓacin rai, da aka ba mutanen yankin dama a ranar 1 ga Maris na 1979 su ce ko suna son majalisa, kusan huɗu cikin biyar na masu ƙuri'a suka ce ba sa so. Mazauna kudu masu magana da Turanci sun ji tsoron kada masu harshen Welsh na arewa da yamma su mamaye su, su kuma na arewa suna tsoron danniyar 'yan jam'iyyar Labour na kudu. Abin da ya sauya tunanin mutane shi ne shekaru 18 na mulkin jam'iyyar Conservative da suka biyo baya. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ya ƙare da faɗuwar ma'aikata, aka yi ta rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya, garuruwa suka mutu murus. Bugu da ƙari, yankin da ya shafe fiye da ƙarni guda bai ba Conservative rinjaye ba ya wayi gari ana naɗa masa ministoci waɗanda mazaɓunsu ke Ingila. Har yau ana tuna hoton bidiyon ɗaya daga cikinsu, John Redwood, na 1993, yana motsa baki da kai a wurin taro don a zaci ya iya taken Wales, alhali bai san kalmominsa ba.

Da Tony Blair ya hau mulki a 1997 ya cika alkawarin sake ƙuri'ar raba gardama. Scotland ta kaɗa tata ranar 11 ga Satumba, kusan kashi 74 cikin ɗari suka amince, Wales kuma ta biyo baya ranar 18 ga wata. Rabin masu rajista ne kawai suka fito, kuma har tsakar dare masu cewa a'a ne ke gaba, sai da sakamakon ƙaramar hukumar Carmarthenshire ya iso daga ƙarshe ya juya lissafin. Masu amincewa sun samu kashi 50.3 cikin ɗari, ratar ƙuri'u 6,721 kacal. Daga cikin ƙananan hukumomi 22, rabi sun amince rabi sun ƙi, kuma Cardiff da za ta zama mazaunin majalisar tana cikin waɗanda suka ƙi.

A kan wannan siririyar rata aka shiga shekarar 1999, kuma tun kafin zaɓe rikici ya kunno kai cikin jam'iyyar Labour. Ron Davies, ministan da ya tsara dokar kafa majalisar, ya yi murabus ba zato a Oktoban 1998 bayan wani abin kunya da ya same shi a Landan. Yawancin 'ya'yan jam'iyya a Wales Rhodri Morgan suke so ya gaje shi a matsayin jagoran Labour a yankin, amma fadar Blair ta fi son Alun Michael, kuma a watan Fabrairun 1999 ƙuri'un dunƙule na manyan ƙungiyoyin ƙwadago suka ba Michael nasara. Jama'a sun ɗauki wannan a matsayin ƙaƙaba musu shugaba daga Landan, a daidai lokacin da ake gaya musu cewa an miƙa musu ragamar al'amuransu, kuma sun rama a akwatin zaɓe ranar 6 ga Mayu. Daga kujeru 60, Labour ta samu 28, Plaid Cymru ƙarƙashin Dafydd Wigley ta samu 17, Conservative 9, Liberal Democrat 6. Abin da ya fi girgiza Labour shi ne rasa Rhondda da Islwyn da Llanelli, wuraren da a da ake ganin ko wa ta tsayar zai ci. Masu fitowa zaɓen kuwa ba su kai rabi ba, kimanin kashi 46 cikin ɗari.

Ita kanta majalisar da aka miƙa wa iko ranar 1 ga Yuli ba ta da ƙarfin a zo a gani. Ba ta da ikon yin cikakkiyar doka ko sanya haraji kamar takwararta ta Scotland, aikinta shi ne rarraba kuɗin da Landan ta turo zuwa lafiya da ilimi da noma da ƙananan hukumomi, da fitar da ƙa'idoji a ƙarƙashin dokokin da aka riga aka yi a majalisar Landan. Tana zama a wani ginin ofis na haya a bakin gaɓar Cardiff, kuma gwamnatin Michael marar rinjaye ta shafe watanninta na farko tana kare kanta. Manoma da ke fama da faɗuwar farashin tumaki da shanu sun fusata da aka naɗa musu Christine Gwyther, wadda ba ta cin nama, ta kula da harkar noma, har majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tir da ita, amma Michael ya ƙi sauke ta. Idan za a yi adalci, majalisar ta zo da wasu abubuwa na ci gaba tun daga farko, domin 24 daga cikin wakilanta mata ne, kuma wakili na iya magana da Welsh ko Turanci yadda ya ga dama ana fassarawa nan take.

A fagen wasa labarin ya sha bamban. Graham Henry, mai horarwa ɗan New Zealand da aka ɗauko a 1998 bayan Afirka ta Kudu ta yi wa Wales cin kaca da maki 96 da 13, ya farfaɗo da ƙungiyar zari-ruga cikin 'yan watanni. A watan Maris suka ci Faransa a Paris karo na farko tun 1975. Ranar 11 ga Afrilu kuma suka karɓi baƙuncin Ingila a Wembley, domin ana cikin ginin filinsu na Cardiff, wato sun zama masu masauki a gidan abokin hamayya. Ingila na gab da lashe gasar ƙasashe biyar ta Five Nations ba tare da an ci ta ba, sai a mintunan ƙarshe Scott Gibbs ya keta ta tsakanin masu tsaron baya ya dire ƙwallo bayan layi, Neil Jenkins ya buga ta ƙari, aka tashi 32 da 31. Mutanen Wales da yawa za su iya gaya maka inda suke a wannan la'asar, alhali kaɗan ne za su tuna inda suke ranar zaɓe. Kwana uku bayan haka wani ɗan Cardiff, Ryan Giggs, ya ci wa Manchester United ƙwallon nan da ya yanke 'yan bayan Arsenal a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, ko da yake ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarsa ba ta taɓuka komai ba a shekarar, har mai horar da ita Bobby Gould ya ajiye aiki bayan Italiya ta zura musu 4 da nema, Mark Hughes ya karɓa.

A watan Oktoba Wales ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a sabon filin mai ɗaukar mutum fiye da 70,000, wanda ake iya rufe rufinsa idan ana ruwa. Ta ci Ajantina a wasan buɗewa, Samoa ta ba ta mamaki, sannan Ostireliya ta fitar da ita a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe kafin ta ɗauki kofin ranar 6 ga Nuwamba bayan ta doke Faransa. Gina filin a tsakiyar gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, ya sa duk ranar wasa birnin gaba ɗaya ke zama wurin biki.

Waƙa ma ta taka tata rawar. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin mawaƙan Wales irin su Manic Street Preachers da Stereophonics da Catatonia suna kan gaba a kasuwar waƙa ta Birtaniya, kuma matasan da a da suke jin nauyin karin harshensu suka koma alfahari da shi. Manic Street Preachers ne suka rufe shekarar da gagarumin wasa a sabon filin a daren 31 ga Disamba. A ɗaya ɓangaren kuma, bikin Eisteddfod na ƙasa, wanda ake gasar rubutattun waƙoƙi da rerawa da harshen Welsh kaɗai ana ba gwanin mawaƙa kujerar girma, an yi shi a tsibirin Anglesey a watan Agusta. A wannan shekarar ce aka wajabta koyon harshen a makarantun gwamnati har zuwa shekara 16, bayan tashar talabijin ta S4C da aka buɗe a 1982 da dokar harshe ta 1993 sun share fage. Ƙidayar 2001 ta nuna masu jin harshen sun kai kimanin kashi 21 cikin ɗari, ƙaruwa ta farko bayan kusan ƙarni guda ana raguwa, sai dai ƙidayar 2021 ta nuna sun sake sauka zuwa ƙasa da kashi 18.

Gwamnatin Alun Michael ba ta cika shekara ba. Tarayyar Turai ta ware wa yammacin Wales da kwarurukan kwal tallafin yankuna matalauta, amma sai gwamnatin Birtaniya ta ba da nata kason kafin a ci moriyarsa, kuma Michael ya kasa samo tabbacin hakan daga baitulmalin Landan. A ranar 9 ga Fabrairun 2000, jam'iyyun adawa suna shirin kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, ya miƙa takardar murabus a zauren majalisa, Rhodri Morgan da aka hana shekara guda kafin nan ya hau kujerar, ya kuma riƙe ta har 2009. A zamaninsa aka buɗe ginin majalisa na dindindin a 2006. Ikon yin cikakkiyar doka kuwa sai a 2011 aka same shi, bayan ƙuri'ar raba gardama ta uku da kashi 63.5 cikin ɗari suka amince, kuma a wannan karon ƙaramar hukuma ɗaya ce tak, Monmouthshire da ke kan iyaka da Ingila, ta ce a'a.