Neman kabarin jaririn da aka haifa babu rai a Ingila: abin da doka ta tanada

Har zuwa wajajen 1980, abin da asibitocin Ingila suka saba yi idan jariri ya zo babu rai shi ne su ɗauke shi nan take, sau da yawa uwar ba ta ko sa shi a ido ba. Sai a ce wa uban kada ya damu, asibiti zai ji da komai. Asibitin ya miƙa gawar ga kamfanin jana'izar da yake hulɗa da shi, a kai ta maƙabartar hukuma, a sa a kabarin haɗaka tare da wasu jarirai, wani lokaci ma a cikin akwatin wani babba da ba su haɗa komai ba. Babu dutse, babu suna. A 2024 aka bankaɗo irin wannan kabari a maƙabartar Royton da ke Oldham, da kusan mutum 300 a ciki, mafi yawansu jarirai. Iyaye da dama sun tsufa suna zaton babu wanda ya san inda aka kai ɗansu. Galibi an sani, domin doka ta tilasta a rubuta. Matsalar ita ce mutane kan fara ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Kafin komai a tantance makonnin cikin da shekarar haihuwa, don a kansu sauran aikin ya rataya. A Ingila da Wales an wajabta rajistar jaririn da aka haifa babu rai daga 1 ga Yuli 1927. Sikotlan ta bi a 1939, Ireland ta Arewa a 1961. A wancan lokaci sai ciki ya kai mako 28 doka ke ɗaukar abin a matsayin haihuwa. Dokar 1992 ce ta dawo da iyakar mako 24, daga 1 ga Oktoba na shekarar. Ke nan cikin mako 26 da ya faɗi a 1975, a idon doka ɓari ne: ba a yi masa rajista ba, ba a tilasta binne shi ba, kuma sau da yawa a asibitin aka ƙona shi. Ciki mai makonni iri ɗaya a 1995 kuwa yana da rajista. Idan kuma jaririn ya nuna alamar rai bayan ya fito, ko da na minti ɗaya ne, komai ƙanƙantar cikin, to takardar haihuwa da ta mutuwa aka rubuta masa, kuma waɗannan kowa na iya nemansu. Yana da kyau a duba ɓangarorin biyu, saboda abin da aka faɗa wa mai jego a ranar ba lallai ya dace da abin da likita ya rubuta ba.

Rajistar waɗanda aka haifa babu rai a rufe take, ba ta cikin jerin sunayen da ake bincikawa a intanet. Babban ofishin rajista, General Register Office da ke Southport, shi ke ba da kwafi, kuma ga uwa ko uba kaɗai. Idan duka sun rasu, wanda suke uwa ɗaya ko uba ɗaya da jaririn na iya nema, amma za a tambaye shi bayanin rasuwar iyayen. Kada a sa rai takardar za ta faɗi wurin binnewa, ba ta faɗi. Amfaninta shi ne tana ba da ainihin ranar, da wurin haihuwa, da adireshin iyaye na lokacin, da yadda magatakarda ya rubuta sunansu. Sunan jaririn kansa da wuya a gan shi idan abin ya faru kafin 1983, don kafin nan ba a ba da gurbin sa shi.

Inda amsar take shi ne littafin binnewa na maƙabarta. Dokar maƙabartun ƙananan hukumomi ta 1977 ta ɗora wa kowace hukumar maƙabarta wajibcin ajiye littafin duk wanda aka binne da taswirar kaburbura, kuma ta ce a bar mutum ya duba littafin kyauta a lokutan da suka dace. Suna iya karɓar kuɗi idan ma'aikacinsu ne zai yi binciken ko za a ba da kwafi mai hatimi. A rubuta wa sashen maƙabartu na ƙaramar hukumar da asibitin yake ciki, ba wadda gidan iyayen yake ba, a ba su sunan uwa da na uba, da ranar, da sunan asibitin. A nan ne bincike ya fi maƙalewa. An saba rubuta jaririn da sunan mahaifinsa, “ɗan wane da aka haifa babu rai”, ko sunan dangi kawai, kuma da hannu, don haka harafi ɗaya da ya kauce ya isa ya ɓoye shi daga kwamfuta. Sunayen baƙi sun fi shan wannan wahala. Maganinsa a roƙe su su bi shafukan littafin rana bayan rana, daga ranar haihuwa zuwa makonni kaɗan bayanta, domin binnewa kan yi jinkiri. A wasu wurare ma littafin waɗannan jarirai daban yake, ba a sa shi a kwamfuta ba. Sannan an sauya iyakokin ƙananan hukumomi a Landan a 1965, a sauran ƙasar a 1974, saboda haka maƙabartar da asibitin ke amfani da ita a da tana iya kasancewa a hannun maƙwabciyar hukuma yau. Idan ta farko ta ce babu, a tambaye ta wace maƙabarta ce asibitin ke kai gawa a shekarun, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Asibiti shi ne inda kowa ke fara zuwa, kuma shi ya fi ba da kunya. Ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS ita ce a ajiye fayil ɗin haihuwa shekara 25, bayan nan ana iya lalata shi. Duk da haka uwa na da haƙƙin neman bayananta kyauta, a amsa mata cikin wata ɗaya. Littafin ɗakin ajiye gawa da na limamin asibiti sukan tsira, kuma idan asibitin ya rufe, a neme su a ma'ajiyar tarihi ta yankin. Tsoffin kamfanonin jana'iza ma suna da littattafansu. Idan ƙonawa aka yi, gidan ƙona gawa na da nasa littafin, kuma yakan nuna lambun da aka watsa tokar, in an samu toka. Ƙungiyar Sands mai tallafa wa iyayen da suka rasa jarirai, wadda aka kafa a 1978, tana taimaka wa iyalai a irin wannan nema.

Idan an samu lambar kabari, ma'aikaci zai raka mutum wurin, yawanci fili ne na ciyawa. Kabarin haɗaka mallakar hukuma ne, don haka ba a kafa dutse sai da izininta. Wasu kan yarda da ƙaramin allo, wasu kan nuna wani lambun tunawa. Tono gawa don mayar da ita wani wuri na buƙatar lasisin Ma'aikatar Shari'a a ƙarƙashin dokar binnewa ta 1857, ko izinin kotun Cocin Ingila idan ƙasar keɓaɓɓiyar coci ce. Da wuya a samu, saboda ba za a kai ga jariri ɗaya ba sai an taɓa na wasu.

Waɗanda cikinsu bai kai makonnin doka ba kuwa, daga Fabrairu 2024 gwamnati na ba da takardar shaidar rashin jariri a Ingila kyauta, kuma a Oktoba na shekarar aka cire iyakar shekaru, ta yadda wadda ta yi ɓari a 1970 ma za ta iya nema. Takardar tunawa ce kawai, ba ta da ƙarfin doka kuma ba ta nuna wurin binnewa.