Tambayoyi kan ma'aikatan jirgin ruwa 'yan boksin a tsofaffin labaran Amurka

Wai waɗanne labarai ne waɗannan?

Gajerun labarai ne da ake bugawa a wasu mujallu masu araha a Amurka wajen 1920 zuwa 1940, takardarsu mara kyau ce shi yasa da 'yan sulalla talaka zai saya ya karanta ya yar. Akwai guda mai suna Fight Stories da ta fara fitowa a 1928, ita ba ruwanta da komai sai dambe. A nan ne Robert E. Howard, marubucin Texas ɗin nan da ya ƙirƙiro Conan, jarumin labaran takobi, ya fito da Steve Costigan a 1929, wani ƙaton ma'aikacin jirgin kasuwanci mai suna Sea Girl, yana yawo da farin karensa Mike, duk tashar da suka sauka ko Manila ko Singafo ko Hong Kong sai ya samu wanda zai gwabza da shi.

To me ke haɗa su faɗa?

Wani lokaci mace, wani lokaci kuɗin caca, amma yawanci sunan jirgi ne. Kowane jirgi da gwarzonsa, in biyu suka haɗu a tasha ɗaya toh fa sai an san na gaba, abokan aiki su zuba ɗan albashinsu kaf a kan nasu, kaga in ya faɗi ba shi kaɗai ya faɗi ba, mutanen da zai kwana ya tashi da su wata da watanni a tsakiyar teku ne ya jefa a talauci da kunya. Kamar dai yadda ɗan damben gargajiya ke shiga fage da sunan ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada. A labarin farko ma Costigan da Bat Slade na jirgin Dauntless a kan wata budurwa suka samu saɓani a Manila, aka kai su wani rami da a da macizai ake haɗawa faɗa a ciki, nan suka yi ta kirɓar juna.

To mutuncin ɗan dambe a labaran nan fa, nasara ce?

A'a, kuma nan ne abin yake burge ni. Costigan ba gwani bane, bai iya kaucewa ba, ba shi da wayo ko kaɗan, 'yan damfara da 'yan mata sun sha yi masa wala-wala su bar shi aljihu wayam. Abinda yake da shi shine juriya, a fasa masa baki ido ya kumbura ya rufe, a kai shi ƙasa ya miƙe, a sake kai shi ya sake miƙewa har mai dukan ya gaji. Sannan ba ya yada nasa, akwai labarin da kyaftin ya ce lallai kare ya bar jirgin, shi kuwa ya tattara komatsansa ya bi karen. Shi yasa abokin hamayya da ya tsaya aka yi gaba da gaba ba maƙiyi bane a wajensa, maƙiyin shine mai shirya wasa da ke son a sayar da dambe ko alƙalin da aka toshe wa baki.

Howard ya san dambe ne ko hasashe yake?

Ya sani, shi kansa yana dambacewa da samarin garinsu Cross Plains a wani gidan ajiye ƙanƙara. Teku ce dai bai yi aikinta ba, garuruwan Asiya ɗin nan daga karatu ya san su.

Ba su da aibu kenan?

Suna da shi babba. Yadda ake siffanta 'yan Sin da baƙar fata da sauran waɗanda ba Turawa ba akwai raini ƙarara, sau tari ko mayaudara ko 'yan kallo kawai, kuma wallahi yana ɓata min daɗin karatun, bana jin "zamaninsu ne" ya isa uzuri.

Me ya kashe kasuwarsu?

Karayar tattalin arziki ta sa Fight Stories ta dakata a 1932, Howard ya canza wa jarumin suna zuwa Dennis Dorgan dan ya sayar wa wata mujallar, sannan shi kansa ya rasu a 1936 yana da shekara 30.