Butanol daga ƙwayoyin bakteriya

Butanol sinadari ne mai ruwa-ruwa, ɗan dangin etanol (sinadarin da ke cikin giya), wanda ke ci da wuta kuma ake iya zuba shi a injin mota ko babur. Yawancinsa a yau daga ɗanyen mai ake samar da shi, amma wasu ƙwayoyin bakteriya na jinsin Clostridium, musamman Clostridium acetobutylicum, suna iya fitar da shi daga sitaci ko sukarin tsirrai. Tun da ana shuka tsirran nan kowace damina, ana lissafa wannan butanol cikin makamashin da ke sabunta kansa.

Ƙwayoyin ba sa rayuwa inda akwai iskar oksijin, saboda haka a rufaffen tanki ake tsima su. Da farko suna mayar da sukari zuwa sinadarai masu tsami, kamar yadda madara ke zama kindirmo. Idan tsamin ya yi yawa sai su juya shi zuwa asiton (sinadarin narkar da fenti) da butanol da etanol, a kan kason 3 da 6 da 1. Masanin sinadarai Chaim Weizmann ne ya daidaita wannan hanya a Jami'ar Manchesta ta Ingila, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya asiton ɗin ake nema domin haɗa albarushi. Bayan 1950 arhar man fetur ta durƙusar da yawancin masana'antun.

Fifikon butanol a kan etanol a bayyane yake. Lita ɗaya tana ɗauke da kusan megajul (ma'aunin makamashi) 29 na ƙarfi, fetur kusan 32, etanol kuwa 21 kacal. Ba ya jan ruwa sosai, ba ya kuma cin ƙarfen tanki da bututu kamar etanol. Babbar matsalarsa ita ce guba ne ga ƙwayoyin da ke samar da shi: kafin ya kai kashi 2 cikin ɗari na ruwan tanki sun daina aiki. Ga shi kuma sai zafi ya kai kusan digiri 118 yake tafasa, sama da ruwa, don haka raba ɗan wannan butanol daga ruwa mai yawa yana cin wuta da kuɗi.

A arewacin Kamaru batun ya cancanci kulawa, domin matatar mai ta SONARA da ke Limbe tana da nisa kuma ta yi gobara a 2019, masu babura a Garwa da Marwa kuwa sun daɗe suna dogara da fetur na sumoga, wato zuwa-zuwa, da ake sayarwa a kwalabe bakin titi. Bai dace a tsima hatsin da mutane ke ci ba, shi ya sa hankali ke komawa ga karan auduga da na masakwa, wato dawar rani. Sai dai kara yana da tauri, dole a farfasa zarensa da sinadarai kafin ƙwayoyin su kai ga sukarinsa, sannan karan dawa abincin shanu ne da rani, da shi kuma ake yin danga da girki.