Ma'anar "sabar kanka" a bakin masu rubuta manhaja

Duk wanda ya zauna da samarin da ke koyon rubuta manhaja a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi, ko waɗanda suka fito daga jami'ar KNUST, ya san tambayar da suke fara yi wa juna: "Ɗan'uwa, ina GitHub ɗinka?" Akwai kuma wata maganar da ta fara shiga bakinsu, wato "sabar kanka". Abin nufi shi ne mutum ko kamfani ya ajiye kod ɗinsa, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, a kwamfutar da shi ke da iko da ita, maimakon ya ba wani katafaren dandali ajiya.

Da farko a raba Git da GitHub, don masu koyo da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. Git manhaja ce ta kyauta mai adana tarihin canje-canjen kod, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, izinin amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke wannan aikin da ita a da. An gina ta ne yadda duk wanda ya kwafi aiki zai samu tarihinsa kaf a kwamfutarsa. GitHub kuwa kamfani ne mai dandalin ajiye ayyukan Git a intanet, ya buɗe a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma zuwa 2023 masu amfani da shi sun haura miliyan 100.

To ina matsalar, tunda kod ɗin yana hannun kowa? Matsalar tana cikin abin da Git ba ya ɗauka. Rahotannin kurakurai, muhawarar da aka tafka kafin a karɓi gyara, gwajin da ke gudana da kansa duk lokacin da aka tura sabon kod, duk waɗannan a wurin dandali suke zaune. Ranar da aka rufe maka asusu, kod ɗinka yana nan, amma dalilin da ya sa aka rubuta shi haka ya tafi. Kuma ana rufewa. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. A 2020 ya cire youtube-dl, manhajar sauko da bidiyo daga intanet, bayan ƙorafin ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka, sai da aka yi ca a kansa kafin ya mayar. Ɗan haya, ko ya biya kuɗin shekara biyu gaba, mai gida ne ke da ta cewa.

Mu nan Gana muna da ƙarin dalili. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala, intanet ya yi ta rarrafe kwanaki. Mutum biyu suna teburi ɗaya a Kumasi, amma kafin ɗaya ya miƙa wa ɗaya gyara ta hanyar da suka saba, sai saƙon ya tsallaka teku ya dawo. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Kayan aikin kafa sabar kanka kuwa suna nan. Akwai GitLab, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Akwai Gitea, da Forgejo da ya ɓalle daga gare shi a 2022, wanda dandalin Codeberg na Jamus ke aiki da shi. Waɗannan biyun marasa nauyi ne: tsohuwar laftof wadda madanninta suka mutu, a tura ta ƙarƙashin tebur, a jona ta da rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, ta ishi ƙaramin ofis.

Amma kada a yaudari kowa, wahala ce. Kai ne mai sabunta manhaja, kai ne mai gadi, kai za ka riƙa ajiye kwafi a wani wurin daban. Idan dumsor, wato ɗauke wuta, ya zo ba ka da inbata, saba ta kwanta. Sannan mai neman aiki daga waje yana bukatar a gan shi, masu ɗaukar ma'aikata kuma GitHub suke leƙawa.

Shi ya sa ba na ce wa matashi ya goge asusunsa. Abin da kake son duniya ta gani, bar shi can. Aikin kwastoma da abin da ofis ke ci da shi kuwa, a ajiye shi a sabar gida, a saita Forgejo ya riƙa tura kwafi zuwa GitHub da kansa.