Kujerar Mai Lura a Ɗakin Tuƙin Jirgin Sama

Kujerar mai lura ƙaramar kujera ce mai naɗewa da ke bayan matuƙa biyu a ɗakin tuƙin jirgin sama. A jirgi irin Boeing 737 zaro ta ake yi daga jikin bango ta tare ƙofa, wanda ya zauna kuwa gwiwarsa na dab da na'urorin da ke tsakanin matuƙan. Tana da ɗamararta da abin shaƙar iska nata na kanta. Tun asali domin masu duba aiki aka yi ta, wato sufetocin hukuma da malaman da ke jarraba matuƙa.

Da tafiya ta yi tafiya sai ta zama hanyar zuwa aiki. A Amurka matuƙa da yawa gidajensu na wani gari, sansanin aikinsu na wani, idan jirgi ya cika sai su roƙi a rage musu hanya a kanta. Kamfanoni na da yarjejeniya ta ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, kowa na ɗaukar matuƙan ɗan'uwansa. Sai dai akwai jeri: sufeton FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, da mai jarraba matuƙa su ne a gaba, sannan matuƙan kamfanin, matuƙan wasu kamfanoni a ƙarshe. Masu tsara tafiyar jirage daga ƙasa ma suna hawa, domin doka ta wajabta musu sa'o'i 5 na kallon aikin tuƙi kowace shekara.

Duk da haka, wuƙa da nama na hannun kyaftin. Mai neman kujerar kan je ya gaishe shi, ya nuna katin aiki da lasisi da takardar lafiya, ya nemi izini. In aka ce a'a, magana ta ƙare. In ya samu, ba fasinja ba ne, ƙarin ido ne ga matuƙa. Ba ya shan giya, kuma dokar 1981 da ta hana hira marar alaƙa da tuƙi ƙasa da ƙafa 10,000 ta hau kansa.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya sauya komai. An ƙarfafa ƙofofin ɗakin tuƙi, an daina kai yara su leƙa, aka kuma kafa rumbun bayanai mai suna CASS, inda ake tantance matuƙin wani kamfani da hotonsa tun a bakin ƙofar shiga jirgi.

Amma ƙofar ƙarfe ba ta maganin ɗan gida. A Afrilun 1994 wani ma'aikacin kamfanin jigilar kaya na FedEx da aka rage wa hanya daga birnin Memfis na Amurka ya far wa matuƙa uku da guduma. Duk da munanan raunukan da suka ji, suka danne shi, suka sauke jirgin. A 22 ga Oktoban 2023 wani matuƙi da ke kan wannan kujera a jirgin Horizon Air mai zuwa San Faransisko ya kai hannu ga madannan kashe gobara, waɗanda ke yanke wa injuna mai. Aka riƙe shi, jirgin ya sauka lafiya a Fotlan.

Abin da ya hana a soke al'adar shi ne ido na uku kan ga abin da biyu suka rasa. A 28 ga Oktoban 2018 wani Boeing 737 MAX na Lion Air ya taso daga Bali zuwa Jakarta, na'ura ta riƙa danna hancinsa ƙasa. Matuƙin da ke kujerar mai lura ne ya taimaka aka gano matsalar, aka yanke wa na'urar wuta. Washegari jirgin nan dai ya tashi da wasu matuƙa, matsalar ta dawo, ya faɗa Tekun Jaba da mutum 189.